Gahawa irin ta Kona a gonar Kachia: a shuka, a sayo daga tudu, ko a zauna da citta?

Kawuna ya yi ritaya, an biya shi kuɗin sallama, yana kuma da gona a hanyar Kachia wadda cutar citta ta 2023 ta cinye masa jari a cikinta. Ana cikin wannan jinya sai ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da tsaraba, ciki har da wata 'yar jakar gahawa da ya manta bai ɓare takardar kuɗinta ba. Jakar ba ta kai rabin kilo ba, kuɗinta kuwa ya haura dala 40. A jikinta an rubuta Kona. Kawu ya buga lissafi a bayan kwalin magani, ya aiko a kira ni. Ko zama ban gama yi ba ya miƙo min jakar ya ce, "Kai da ka yi boko, duba min nan. Buhun citta nawa zan sayar kafin in kamo kuɗin buhu ɗaya na wannan? Mu ma ai ƙasa gare mu."

Abin da na gaya masa a zama uku ko huɗu shi ne nake so in rubuta, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Tun da cittar nan ta yi wa mutanen Kachia da Jaba da Kagarko ɓarna, kowa na neman abin da zai jingina da shi. Hanyoyin da ke gaban mai irin wannan tunani uku ne: ya shuka Arabika, irin da ake nomawa a Kona, a gonarsa ta Kaduna; ya shuka Robusta, ƙanwarta mai jure zafi; ko kuma ya bar gonarsa da citta, ya hau tudun Filato ko Mambilla ya sayo gahawa daga waɗanda ƙasarsu ta karɓe ta. Kafin a zaɓa, sai an san me ya sa ta Kona take da wannan tsada, don a nan ne yawancin lissafi yake karkacewa.

Kona wani yanki ne a yammacin babban tsibirin Hawai, a tsakiyar tekun Pasifik. Gonakin gahawar suna kwance ne a gangaren duwatsu biyu masu aman wuta, Hualalai da Mauna Loa, a wani siririn zirin ƙasa da tsawonsa bai wuce kilomita 50 ba, faɗinsa kuma kamar kilomita 3. Wani ɗan mishan mai suna Samuel Ruggles ne ya kai dashen farko wurin a 1828. A 1892 aka shigo da wani iri daga Gwatamala, shi ne ya mamaye yankin har yau. Da farashin gahawa ya faɗi a duniya a 1899, manyan masu gandu suka saki harkar, suka yanyanka gonakin suka ba ma'aikatansu haya, yawancinsu 'yan ci-rani daga Japan. Shi ya sa har yanzu gonakin Kona ƙanana ne, wajen 800, galibi kowace ba ta kai eka 5 ba. Ƙananan manoma ne kamar namu, ba wasu manyan kamfanoni ba.

Kawu ya ji tsayin wurin, sai ya yi murmushi. Zirin gahawar yana tsakanin mita 150 zuwa 900 daga doron teku, Kaduna kuma tana wajen mita 600, Kachia ta ɗan ɗara haka. "To ai tsayinmu ɗaya," in ji shi. Gaskiyarsa a kan adadi, amma tsayi ba shi kaɗai ke sanyaya gari ba. Kona tana digiri 19 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, mu muna wajen digiri 10, rana ta fi tsayawa a kanmu. Sannan teku na gindinsu, dutse na bayansu. Da safe rana ta fito ta haska itatuwan. Kafin azahar iska mai laima ta taso daga teku ta hau gangaren, ta zama girgije ya rufe gonakin kamar rumfa, sau da yawa har da yayyafi. Da dare kuma sanyi ya gangaro daga kan dutse. Arabika tana son zafi tsakanin digiri 18 zuwa 22, kuma abin da take samu ke nan a can kusan duk shekara. Ka kwatanta da Maris da Afrilu a Kaduna, lokacin da zafi ke haura 35, kwalta na narkewa a Kawo, babu ko ƙyallin girgije. A irin wannan zafi furen Arabika zubewa yake yi, 'ya'yan da suka tsira kuma su nuna da gaggawa, ƙwayar ta fito ba nauyi ba ƙamshi. Daɗin gahawa mai tsada daga jinkirin nuna yake fitowa, wata bakwai zuwa tara tana tara zaƙi a hankali.

Ƙasar dutsen aman wuta fa? Ita ce ake ta tallatawa a jikin jaka, kuma tana da amfaninta: ba ta riƙe ruwa ya kwanta a saiwa, tana kuma da ma'adinai. Amma manoman Kona suna zuba taki kamar kowa. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana tsibirin Jaba na Indunusiya (ba Jabarmu ta Kwoi ba, Kawu sai da ya tambaya). Tsibiri ne cike da duwatsu masu aman wuta, Turawan Holan suka kai Arabika can a ƙarshen shekarun 1690, ta yi albarka har sunan tsibirin ya zama sunan gahawa a bakin Turawa. Daga 1876 cutar tsatsar ganye ta shiga, ta share gonakin da ke ƙasa-ƙasa inda ake zafi da laima. Abin da ya tsira shi ne na can ƙololuwa, irin tudun Ijen. Sauran wuraren sai Robusta aka maye gurbinsu da ita a farkon shekarun 1900. Ƙasa iri ɗaya ce sama da ƙasa. Sanyi ne ya raba mai rai da matacce.

Akwai kuma abin da ba ya cikin ƙasa ko iska. Gangaren Kona duwatsu ne, inji ba ya shiga, da hannu ake tsinka. 'Ya'yan kuma ba sa nuna lokaci ɗaya, don haka daga Agusta zuwa Janairu mai tsinka zai dawo kan itace ɗaya sau da yawa, yana ɗaukar jajayen kawai yana barin ɗanyu. Kuɗin ƙodagon Amurka ake biyansa. Itace ɗaya yakan ba da wajen kilo 7 na 'ya'ya a shekara, waɗanda bayan an ɓare, an wanke, an shanya, an soya, ba sa cika kilo ɗaya. Wato jakar da ke hannun Kawu rabin abin da itace guda ya haifa ne a shekara. Kaso mai yawa na dala 40 ɗin nan kuɗin wahala ne, ba riba ba. Saura kuma kuɗin suna ne, sunan da ake gadinsa da doka. A shekarun 1990 an gurfanar da wani ɗan kasuwa da ke zuba gahawar Amurka ta Tsakiya a buhunan Kona. Dokar jihar Hawai ta daɗe tana barin a rubuta sunan Kona a kan gauraye muddin akwai kashi 10 cikin 100 na ainihin ta wurin. Manoma suka yi ta ƙorafi har aka yi sabuwar doka a 2024 da ta ɗaga shi zuwa kashi 51 daga Yulin 2027. Ga kuma masu yawon buɗe ido da ke zuwa har bakin gona da dala a aljihu. Ko da Allah ya sa Arabikar Kachia ta yi kyau, wannan sunan da wannan mai sayen ba za su biyo ta ba. Su ma can ba hutu suke ba: ƙwaron da ke huda 'ya'yan gahawa ya shiga Kona a 2010, tsatsar ganye ta isa Hawai a 2020.

Saboda haka hanya ta farko, Arabika a gonar da ba ta kai mita 800 ba a Kaduna, ni ban ba kowa shawararta ba. Itacen zai iya tsirowa, zai yi kore shar a damina har maƙwabta su zo kallo. Matsalar ita ce ba za ka san ka yi asara ba sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da ya kamata ya fara haihuwa. Citta in ta ƙi, a shekarar za ka sani. Wanda gonarsa ke saman duwatsun Kagoro ko can gefen da ke haɗe da Filato, inda dare ke da sanyi sosai, yana iya gwada 'yan itatuwa a ƙarƙashin inuwa. Gwaji na ce, ba zuba kuɗin sallama ba.

Robusta ta fi kusa da yanayinmu, amma a nan ma akwai abin da masu sayar da dashe ba sa faɗa. Gaskiya ne tana jure zafi, tana jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, ta fi ƙarfin tsatsar ganye, kuma ita ce mafi yawan abin da Najeriya ke nomawa, a wurare irin su Kogi da Ondo da Kuros Riba. Sai dai jure zafi daban, jure ƙishi daban. Robusta 'yar kurmi ce, saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa, tana son ruwa mai yawa da iska mai laima. Gahawa tana buƙatar ɗan rani na wata biyu zuwa uku don ta huta ta yi fure idan ruwan farko ya sauka. Namu ranin daga Nuwamba yake kamawa har Maris ko Afrilu, ga hunturu a tsakiya da ke busar da leɓen mutum balle ganyen itace. Don haka wanda ba shi da rafi ko fadama ko rijiyar burtsatse a gonarsa, ya cire Robusta daga lissafi. Wanda yake da ruwa kuma sai ya tanadi inuwa tun kafin dashe: ayaba tana saurin tashi ta rufe ƙananan, ɗorawa da ke tsaye a gona kada a sare ta, a kuma lulluɓe gindin da ciyawa kamar yadda ake yi wa citta. A nan manomin Kachia yana da riba ɗaya, domin lulluɓe ƙasa aikinsa ne tun yana yaro.

Wani abin lura: Arabika tana iya haihuwa ita kaɗai, furenta na ɗaukar barbarar kansa. Robusta ba ta yi. In ka dasa 'ya'yan uwa ɗaya da aka yanko daga itace guda, za ka ga fure fari fat, ƙamshi ya cika gona, 'ya'ya kuwa babu. Dole a gauraya iri daban-daban. Wannan na cikin dalilan da suka sa na ce wa Kawu kada ya sayi dashe a bakin titi. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, CRIN, ita ce aka ɗora wa binciken gahawa tare da koko da goro da yazawa da ganyen shayi, kuma tana da reshe a Kusuku a kan Mambilla. Can ya kamata a fara tambaya. Ana dasa Robusta da tazarar mita 3, wato itace kusan 1,100 a hekta, 'ya'yanta kuma sukan ɗauki wata tara zuwa sha ɗaya kafin su nuna.

To in ta yi, me za ka samu? Ba gahawar dala 40 ba. Robusta ta ninka Arabika sinadarin da ke hana barci, ta fi ta ɗaci, kuma ita ce aka fi yin garin gahawa na gwangwani da na 'yan ƙananan leda da ita, irin wanda mai shayi ke kaɗa maka. Farashinta a kasuwar duniya kullum yana ƙasa da na Arabika mai kyau. Kuma ba ta da dillali a Kachia. Citta kana tsaga ta ka shanya, masu saye za su zo har ƙofar gida. Buhun gahawa kuwa kai za ka ɗauka ka nemi mai so. Amfaninta shi ne itace ne mai daɗewa, shekara ashirin ko fiye yana ba ka, kuma a shekarun farko kana iya ci gaba da shuka citta a tsakanin layuka tunda ita ma ba ta ƙin 'yar inuwa. Ajiya ce ta gefe, ba magajiyar citta ba.

Hanya ta uku ita ce na fi daɗewa a kanta da Kawu, domin ita ce ta fi kama da abin da ya burge shi a jakar nan. In ana neman Konar Najeriya, tudun Mambilla ne a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Tsayinsa ya kai mita 1,500 zuwa sama, ƙasarsa a wurare da yawa daga tsohon aman wuta ta samo asali, hazo na kwana a kan tuddai, sanyinsa ya isa har ana noman ganyen shayi a Kakara. Abin da teku da girgije suka yi wa Kona, tsayi ya yi wa Gembu, babban garin da ke kan tudun, domin duk mita 100 da ka hau zafi na raguwa da fiye da rabin digiri. Arabika ta daɗe a can. Kusa da mu kuma akwai tudun Jos, wajen mita 1,200, inda tsofaffin duwatsun aman wuta ke tsaye a Kerang da Panyam cikin ƙaramar hukumar Mangu, kuma a Filato ma ana noman Arabika.

Ban ce a je a sayi gona ba. Rigimar ƙasa a Mambilla da Filato ba ɓoyayya ba ce, baƙo da ya zo da kuɗi yana neman fili ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da nake nufi shi ne ka zama mai saye na gari. Itatuwan suna nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne kulawa bayan tsinka. Manomin da ake biya da awo, ba da kyau ba, zai zage reshe gaba ɗaya, ja da kore da baƙi, ya baza a ƙasa inda awaki ke bi. Gahawar da ta sha ƙasa da ɗanyun 'ya'ya ba ta da gyara. Abin da Kona ke yi a wannan mataki ba ya buƙatar dutse ko teku: a tsinki ja kawai, a zuba a ruwa a kwashe masu tasowa sama, a ɓare a ranar, a jiƙa kwana ɗaya yauƙin ya saki, a wanke, a shanya a kan gado mai ƙafa ana juyawa har laimar ƙwayar ta sauka zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100. A Kona rumfar shanyarsu mai rufin da ake turawa ce saboda ruwan yamma. Mu iskar rani kyauta take yi mana wannan aiki. Masu ɗanɗano na duniya suna ba gahawa maki cikin 100, wadda ta kai 80 ita ake kira ta musamman, kuma tazarar da ke tsakanin ta kasuwa da ta musamman yawanci a tsinka da shanya ake samunta.

Lissafin da za ka riƙe shi ne kilo 5 zuwa 6 na jajayen 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya, suya kuma ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin. Kuɗinka na juyawa a kaka ɗaya, ba sai ka jira shekara huɗu ba, kuma in abin bai karɓe ka ba, buhu biyu ka yi asara, ba gona ba. Wahalarta tafiya ce da amana. Zuwa Gembu daga Kaduna sai ka bi ta Jalingo, Bali, Serti, sannan ka kama hawan dutsen da direbobi ke yi wa addu'a. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce ga dattijo. Jos kuwa ka tashi da asuba ka yi azahar a can. Mambilla ta fi sanyi da tsayi, Filato ta fi sauƙin sa ido, kuma ga mai farawa sa ido ya fi. In ba ka tsaya a kan tsinka da kanka ba, ko ka sami wanda zai tsaya tsakani da Allah, kuɗin ja za ka biya a kawo maka gauraye.

Saura mai sha. Ranar da muka buɗe jakar Kona, ƙwayoyi ne ba gari ba, gidan kuma babu injin niƙa. Aka daka a turmin da Inna ke daka yaji, duk da an wanke shi sau biyu. Gahawar dala 40 ta fito da ƙamshin citta da barkono. Kawu ya zuba madara da sukari ƙwaya uku, ya kurɓa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan ai ba ta kai Nescafé ƙarfi ba." Ban yi masa gardama ba, domin bakinsa shi ne bakin kasuwar Kaduna. Mutanenmu shayi suka saba da shi, in sun sha gahawa kuma ɗaci da buɗe ido suke nema, ban da waɗanda suka zauna Saudiyya suka saba da mai ƙamshi da ake sha da dabino. Masu biyan kuɗi don ɗanɗano suna Abuja da Legas, a otal-otal da shagunan shan gahawa, kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya sa Abuja ta zama maƙwabciya. Abin da kake da shi wanda ta waje ba ta da shi shi ne sabunta: gahawa da zarar an soya ta ƙamshinta na raguwa cikin 'yan makonni, ta Kawu kuwa ta yi watanni tsakanin shago da akwati. Amma ka fara kai musu samfur su ɗanɗana, ka ji nawa za su saya, kafin ka sayi ko tukunyar suya.

Kawu bai bi shawarata duka ba. Ya ce shi manomi ne, ba zai iya ganin itace a hoto bai dasa ba. Mun daidaita a kan zai sa Robusta 100 a gefen rafin da ya ratsa ƙasan gonar, inda ayaba take, sauran filin kuma ya koma wa citta da sabon iri, a ɓangaren da cutar ba ta taɓa ba. Arabika guda goma ya ce zai dasa a bayan gida "don gardama". Tafiyar Mangu kuma ni aka ɗora wa, in damina ta ɗauke, da kuɗin buhu biyu da ma'aunin laima da ɗansa zai aiko. Inna ta ce in na dawo in taho da turmina.